Wace kwamfuta ce za ta iya editin 4K ba tare da ta cinye min jari ba?

Ɗan Wunti:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗaukar bidiyon biki da walima a nan Bauchi, kwanan nan Allah ya hore min kyamara mai ɗaukar 4K, to tun ranar laftof ɗina ta fara ba ni kunya. HP ce i7 ram 8, amma da na ɗora aiki a manhajar editin ta Premiere sai hoton ya riƙa sarƙewa, fanka na ta ƙara kamar injin markaɗe, bikin awa ɗaya sai na kwana ina jiran renda, wato fitar da bidiyon da aka gama haɗawa, ga uwar amarya tana ta kira. Abin da ke hannuna bai wuce dubu 600 ba. Laftof zan nema ko ta tebur? A taimaka don Allah.

Injiniya Yelwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa wannan i7 ɗin, sunan furosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ake liƙa wa a jiki shi ke yaudarar mutane, lambar da ke bayansa ita ce zancen. Misali i7-6600U kwa (sassan furosesa da ke raba aiki) biyu kacal gare shi, alhali i5-11400H yana da shida, ka ga i5 ɗin ya taka i7 ɗin ya wuce. Duk wanda ya ƙare da U an yi shi ne don aikin ofis da adana batir, mai H ka nema. Kuma 4K fa 3840 ne sau 2160, ninki huɗu na 1080, ga shi kyamarori da yawa yanzu da tsarin matse bidiyo na H.265 suke ɗauka wanda ya fi H.264 wahalar buɗewa, in furosesan tsoho ne shi kaɗai zai ta fama. Ram kar ya gaza 16, ka tabbata akwai gurbin ƙari zuwa 32, SSD dole, sai katin sarrafa hoto na Nvidia ko da GTX 1650 ne mai 4GB, in ka dace da RTX 3050 ko 3060 ai shi ke nan. Da kuɗinka ta hannu za ka saya, irin su ZBook ko Dell Precision ko na 'yan gem. Kar ka karɓi furosesan Intel ƙasa da jenareshan na 8, Windows 11 daga nan ta fara karɓa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2025.

Maman Iman:
Malam kafin ka fid da ko sisi ka gwada furoksi. Ni a Gombe nake, ina haɗa wa masu atamfa da turaren wuta bidiyon talla, kuma kwamfutata ba wata ta a zo a gani ba ce. Manhajar za ta yi maka ƙaramin kwafi mara nauyi ka yi yankanka a kai, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Premiere na yi, DaVinci Resolve ma na yi kuma akwai na kyauta. Sannan tsakani da Allah wa ke kallon bikin a 4K? A waya ake gani, a tura WhatsApp ya matse shi. Ka ɗauka a 4K don ka samu damar matso da hoto, ka fitar a 1080.

Injiniya Yelwa:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai furoksi ba ya rage lokacin renda, kwanan zaunen na nan.

Abban Sadik:
Ni dai MacBook Air M1 nake amfani da ita, ta 2020, batirinta na kai ni nesa in an ɗauke wuta. Amma ba ta da fanka sam, zafin Maris da Afrilu na nan garin in aiki ya yi tsawo sai ta rage gudu, kuma ram ɗinta ba a ƙarawa, in mai 8 ka saya haka za ku tsufa tare. Ta tebur ta fi arha in ƙarfi ake nema, amma lissafa kuɗin allo da inbata ko man janareta tukuna. Ka ware kuɗin hadis (hard disk) na waje ma, 4K a 100Mbps kusan 45GB yake ci a awa ɗaya, biki uku ka cika ciki.

Ɗan Wunti:
Na duba yanzu, wallahi 6600U ɗin ce dai oga, ashe shekara biyu ina taƙama da iska. Furoksin zan gwada yau da dare. In za ni Kano saye me zan duba a shagon?

Injiniya Yelwa:
Tafi da filashi ɗauke da bidiyon kyamararka, ka sa a kunna shi a gabanka ka yi renda na minti goma, ka taɓa ka ji zafinta. Duba batir, duba ko an taɓa kwance ta, caja ta zama tata ta asali don na 'yan gem wuta suke ja sosai. In mai shago ya ce sauri yake, ka wuce shago na gaba.