Ƙwayar hasken fata kullum, akwai illa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata amarya ce, saura wata biyu biki. Mai gyaran jiki ta haɗa mata glutathione, wato ƙwayar hasken fata, da bitamin C 1000mg safe da dare, sai wata ƙwaya a farar roba, ba suna ba lamba. Wai daga baya a ƙara mata ruwan glutathione ta jijiya. A bar ta?

Mai haɗa magani: Wa alaikumus salam Anti. Farar robar nan ce ta fi tayar min da hankali. Irinta ake ɓoye wa steroid, wato magani mai ƙarfi na rage kumburi, kamar dexamethasone, fata ta yi haske, jiki ya ciko, a zaci ƙiba ce. Ki duba ta da kyau: fuska ta yi zagaye? Nankarwa ja ta fito a cinya ko ciki? Ƙuraje, ƙishirwa, yawan fitsari? In ta haura sati uku tana sha, kada ta yanke rana ɗaya. Steroid na sa jiki ya rage yin cortisol, wato irin nasa steroid ɗin da yake yi da kansa, yankewar na iya kayar da ita da jiri da faɗuwar jini. Ku kai robar asibiti, likita ya rage mata a hankali, a auna suga, hawan jini, ƙoda da hanta.

Malamar jinya: Ƙarin ruwan kam a'a, Hajiya. Tun 2011 hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi a kai: lalacewar ƙoda, matsalar thyroid (wani ƙullutu a wuya mai daidaita aikin jiki), da ciwon da fata ke saɓulewa. Balle a ɗaura shi a shago.

Likitar fata: Glutathione na haɗiya an gwada shi 250 zuwa 500mg a rana, na 'yan makonni kawai. Hasken kaɗan ne, ana dainawa launi ya koma. Yakan kawo kumburin ciki da zawo. Bitamin C kuwa 2000mg shi ne iyakar babba a rana, ga ta nan a bakin iyaka kullum, kuma yawansa na jawo tsakuwar ƙoda. Kada ta sha komai sai mai lambar NAFDAC. In ciki ya shiga bayan biki, ta ajiye su duka. In tabo ne damuwarta, ta shafa man kariyar rana mai lambar ƙarfi SPF 30 kowace safiya, sannan ta zo a duba fatar.

Mai tambaya: Fuskar ta ciko kam. Gobe in sha Allah za mu asibiti da robar.