Ɗana ya shekara 5 bai yi baki ba, ina zan kai shi?

Uwa daga ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema. Ɗana na uku ya cika shekara 5 da damunar nan, har yau bai haɗa magana ba. Ni dai ban ce kurma ne ba, don tun babur ɗin babansa yana bakin masallaci yake jiyo ƙararsa ya ruga zaure. Amma a kira sunansa sau goma, ko waiwaye. Wuni yake yana jera murafen lemo a gindin darbejiya, in wani ya taɓa ɗaya, ranar ba mai sakat a gidan. In maƙwabta suka tada injin niƙa, sai ya toshe kunne yana ihu. Abincinsa koko da gayan tuwo, miya ta ɗiga a kai ya ture kwanon.

Surukata ta ce babansa ma ya daɗe bai yi baki ba. Wasu sun ce iska ce. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, har akuyata ta tafi a kai. Na sa shi Islamiyya, kwana huɗu aka maido min shi, wai yana hana yara karatu. Wata malamar asibiti ce ta ce min kamar galahanga, wai autism da Turanci, lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane. Ina ake kai irinsu? Akwai makarantarsu?

Ma'aikacin jinya, Dutse:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Kafin makaranta, a fara auna kunnensa. Jin babur bai isa shaida ba, yaro kan ji ƙara mai ƙarfi alhali magana tana wuce shi. Ki karɓi takardar turawa a babban asibitinku zuwa wurin likitan yara, ko a Rasheed Shekoni nan Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano, inda akwai ɓangaren yara da na kunne da na ƙwaƙwalwa. In an ce ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure kada gabanki ya faɗi, ba a ce ɗanki mahaukaci ba ne.

Galahanga ba a ganinta a gwajin jini. Likita kallon yaron yake yi, ya yi ta tambayarki tun daga goyo. To ki ɗauke shi bidiyo a waya yana jeren nan nasa, da lokacin ihun, don a gaban likita ba lallai ya yi ba. Babu ƙwayar da ke raba shi da ita. Ana dai ba da magani in akwai farfaɗiya ko rashin barci. Kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta.

Malamar masu buƙata ta musamman, Kano:
Yaya, za a yi ta ce miki Tudun Maliki. Makaranta ce mai tarihi, amma kurame da makafi aka fi saninta da su. Akwai cibiyoyin kuɗi a cikin birni, sai dai tsada, ga nisa. In kin shiga wata, ki tambayi yara nawa malami ɗaya ke riƙewa, ki ce a bar ki ki zauna ki ga darasi. Duk wanda ya yi miki alkawarin warkewa a wata uku, ki ɗauki mayafinki.

Dokar masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta hana nuna musu wariya, ta kuma ba su ilimi kyauta har sakandare. Babansa ya je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da takardar likita. A Jami'ar Bayero ma akwai sashen da ke horar da malaman irin waɗannan yara.

Wata uwa daga Gaya:
Ƙanwata, nawa shekararsa 11. Abin da suka faɗa gaskiya ne, amma kuɗin mota ya kayar da ni, zuwa uku na yi na tsaya. Abin da aka koya min can shi na riƙe. Na daina ba shi abu tun bai nema ba. Sai in riƙe kofin koko kusa da fuskata, in ce "koko", in jira. Ko hannu ya miƙo, ko ya dube ni, nan take in ba shi. Mun fi shekara a haka kafin kalmar ta fito. Yanzu yana da 'yan kalmominsa, yana kai kansa bayi, shi ke ba tumaki dusa, kuma ba ya kuskure lokaci, ya fi yayyensa.

Hedimastan firamarenmu na roƙa har gida. Ya bar shi yana zama kusa da ƙofa awa ɗaya, yayarsa na gefe. Addu'a ban daina ba, hayaƙin ne na bari, tari kawai yake sa shi.

Ki kula da ruwa. Irin yaran nan suna son sa, ga sulalewa ba a sani ba. Nawa a bakin kududdufi aka taɓa tsinto min shi.

Uwa daga ƙasar Ringim:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Rijiyar gidanmu ba ta da murfi, yau ɗin nan na sa babansa ya kira kafinta. In mun sayar da riɗi za mu je awon kunnen. Yaya ta Gaya, zancen bayin nan, da me kika fara?