Ina neman saitin baya na tsohuwar bindigar iska, BSA Meteor

Assalamu alaikum jama'a. Bindigar iska ce na gada wurin marigayi mahaifinmu, BSA Meteor ƙirar Birmingham ta Ingila, mai cin harsashi na milimita 5.5. Takardunta na nan cif. Da ita yake korar ɓeraye daga rumbu, shi ya sa ba na son ta mutu a hannuna.

Saitin baya ne ya karye, wato abin auna harbi na kusa da ido, wanda ake murzawa sama da ƙasa. Na kai wa maƙeri ya ƙera wani da ƙarfe, ya zauna daram, amma harbi sai kaucewa hagu yake yi, kuma babu wurin gyara shi. Notin ma ya ba mu wuya, don zarensa na inci ne, na kasuwa kuwa duk na milimita.

An fara ƙera Meteor tun 1959, an kuma yi ta sauya fasalinta, to ta yaya zan gane samfurin tawa? Lambar jikinta za ta nuna? Saitin wani samfurin zai hau kan wani?

Robar bakin bututun ma ta fara sakin iska. Wanda ya taɓa samo waɗannan kayan ta hanyar da doka ta yarda, don Allah ya yi mini kwatance.