Waɗanda suka taɓa haɗa mujallar aji, a ina kuka yi tuntuɓe?

'Yar Aji Uku

Assalamu alaikum yayyena. A kwas ɗin tsara jarida da mujalla an raba mu rukuni-rukuni, mutum goma-goma, kowane rukuni ya fito da mujalla bugaggiya a takarda kafin jarrabawa. Ni aka ɗora wa bango da tsarin shafuka, don kawai an ga ina yi wa ƙawaye katin biki da Canva. Labaranmu Hausa ne da Turanci a gauraye, mun ƙiyasta shafi 22. Waɗanda suka taɓa shiga wannan rigima, don Allah ku ba ni labarin abin da ya same ku. Bayanin littafi muna da shi a handawut, abin da ya faru da ku nake son ji.

Tsohon Kilas Raf

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda kin ce akwai Hausa a ciki, fara da baƙaƙe masu ƙugiya kafin komai. Mu su ne suka kunyata mu.

Mun zaɓi wani salon haruffa mai kauri da muka sauko da shi kyauta daga intanet, muka rubuta babban kanun bango da shi. A kwamfutar mai tsara mana komai daidai, ashe haruffan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, manhajar ce take aro su daga wani salon ta cike gurbin, mu kuma ba mu lura ba saboda ɗoki. Da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar maɗaba'a sai aron ya ƙare. Duk inda ƙ take, ɗan akwati ya zauna. Kanunmu na "Ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana" ya fito da akwati biyu, ɗaya a farko ɗaya a tsakiya. Kwafi hamsin. Malam ya ɗaga mujallar a gaban aji ya ce mu karanta masa da baki yadda ake furta akwati.

Sannan akwai wani abu daban. Ɗaya daga cikinmu a wani tsohon shagon buga takardu aka buga masa labarinsa, da irin haruffan Hausa na da, su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suke ɗora ƙ a kan maɓallin } da ɗ a kan ] da ɓ a kan ~. Muddin haruffan suna kan kwamfutar, lafiya lau. Da muka kwafo rubutun muka canja salo, sai ga "}asa" da "]alibi" sun cika shafi. Wannan dai mun gano da wuri, muka bi su da nemo-ka-musanya.

Abin da nake yi yanzu: kafin in ƙaunaci kowane salo, sai na rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ da shi, siriri da mai kauri da karkatacce, in ƙara girmansu in duba ko duk jini ɗaya ne. Charis SIL da Gentium da Andika da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne.

Ɗan Maraɗi

Ka manta da ɗaya, babban yaya. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, kuma ita ta fi ɓacewa a cikin salon haruffa. Mun taɓa buga ƴar jaridar makaranta, "ƴan makaranta" ya koma "an makaranta" daga farko har ƙarshe. Ku ma 'y ɗinku tana da nata ciwon: Word yana juya alamar ta koma ta buɗe zance, wutsiyarta ta kalli wani wajen. Ƙaramin abu ne, amma malamin da ya san aiki zai gani.

Maman Biyu

Ni tawa matsalar ba ta kwamfuta ba ce, ta mutane ce. Sati biyu muka kwashe muna gardama a kan hoton wa za a sa a bango. Shugaban rukuninmu ya nace sai shugaban sashe, wai ko don a sassauta mana maki. Wata ta ce a haɗa da shugaban tsangaya kar ya ji an raina shi. Kafin mu ankara bangon ya zama kalandar siyasa: manya uku cikin babbar riga da hula, mu goma a jere a ƙasa cikin ƙananan da'irori kamar 'yan takarar kansila. Babban labarinmu kuwa a kan ɗalibai mata masu goyo ne, yadda suke haɗa lacca da raino, kuma muna da hoto mai kyau na wata da jaririnta a baya tana kwafar rubutu a jikin allon sanarwa. Shafi na 9 muka tura shi.

Malamar da ta duba mana tambaya ɗaya ta yi: in na ga wannan a teburin mai jarida, me zai gaya min a kan abin da ke ciki? Muka yi tsit. Shugaban sashen da aka yi don shi ko buɗe mujallar ban jin ya yi.

Har yau in na tuna hoton nan na shafi na 9 sai raina ya ɓaci, don ni na ɗauke shi.

Mai Kyamara

Maman Biyu, gara ku hoton ya fito. Namu ta WhatsApp aka turo shi, aka sake turawa, aka kuma turawa, ya bi ta waya uku. A fuskar waya tas. A bangon A4 fuskar mutumin ta zama kamar an jera tayil. Daga baya na yi lissafin: A4 milimita 210 ne da 297, kuma a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci da masu bugu suke nema, hoton da zai cika bango yana buƙatar wajen fiksil 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. WhatsApp yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Ki ce kowa ya turo miki nasa a matsayin dokumen, ko ta Google Drive, ko ki bi su da filashi. Kuma mai ɗaukar hoton bango ya ɗauka a tsaye, ya bar fili a saman kai inda sunan mujalla zai zauna. Mu a kwance muka ɗauka, da aka yanke shi ya dace da bango sai kunnen mutumin ɗaya ya tafi.

Baba Mai Maɗaba'a

Ni ban yi jami'a ba, amma na daɗe ina karɓar aikin 'yan jami'a, kuma kusan kullum ranar Laraba suke zuwa a kan aikin da za su miƙa Juma'a.

'Yata, shafi 22 da kika ce ba zai yiwu ba in ɗinkin tsakiya za a yi, wato a naɗe takarda a danna mata waya biyu a gadon baya. Kowace takarda ɗaya in an naɗe ta shafi huɗu take bayarwa. Saboda haka ko 20 ko 24, har da bangon in kina ƙirga shi a ciki. Ku yanke shawara tun yanzu: ko ku rage labari, ko ku nemo abin cike shafi biyu. Na ga yaran da suka zo da 26, muka ƙare da farar takarda biyu a ƙarshe, suka rubuta "Notes" a sama don kar a ce mantuwa ce.

Ki ɗauki farar takarda shida, ki naɗe su biyu, ki cusa su cikin juna, ki rubuta lamba 1 zuwa 24. In kin warware za ki ga 24 da 1 a fuska ɗaya suke, 2 da 23 a bayansu. A shafukan ciki, wuri ɗaya ne kawai hoto zai ratsa shafi biyu a takarda guda ba tare da gaɓa ba, tsakiya, 12 da 13. Mafi kyawun hotonku na kwance nan ne gidansa. Amma kar ki jera min shafukan da kanki, ki kawo su bi da bi daga 1 zuwa 24, jerin bugu aikina ne.

Sai yanka. Injin yanka ba reza ba ne a hannun tela, tarin takarda yake sara a lokaci guda, yakan goce kaɗan. Duk launi ko hoton da kike so ya kai bakin takarda, ki bar shi ya zarce da milimita 3 ta kowane gefe, mu muna ce masa bilid. In ba ki bari ba, ko farin zare ya fito a gefe, ko in shiga ciki in ci miki rubutu. Lambar shafi da rubutu kuma su ja baya daga baki.

Launi kuwa, allon kwamfuta da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi. Ni da tawada huɗu nake aiki, CMYK, wato shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, K ɗin shi ne baƙin. Shuɗin nan mai walƙiya da koren da kuke so, a takarda sukan dushe, shuɗin har yakan karkata zuwa shunayya. Yara su zo suna cewa na ɓata musu aiki. Ƙananan rubutu kuma ki yi su da baƙi zalla, K ɗari, sauran ukun sifili. In baƙin haɗin launi huɗu ne, farantin bugu ɗaya (kowane launi da nasa farantin a injin) ya ɗan goce, rubutun zai fito da inuwa kamar mai ciwon ido ne yake karantawa.

'Yar Aji Uku

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Yanzu na naɗe takardun a kan katifa, wallahi sai yau na fahimci abin da malam yake zanawa a allo. To Baba, Canva ɗin fa? Ban iya CorelDRAW ba, InDesign kuma sau biyu kawai muka taɓa shi a ɗakin kwamfuta, wuta ta ɗauke.

Baba Mai Maɗaba'a

In shi kika iya, yi da shi. Wurin saukewa ki zaɓi PDF na bugu, ki kunna alamar yanka da bilid. Zaɓin CMYK a nasu na kuɗi yake, in ba ki da shi ki kawo haka nan, mu juya a gabanki ki ga yadda launin zai koma kafin a fitar da faranti. Masu CorelDRAW kuma su ajiye kwafi ɗaya na gyara, a ɗayan su danna Ctrl da Q rubutun ya zama zane, shi ke nan babu ruwansu da ko ina da haruffansu ko ba ni da su. Da yaron can na sama ya yi haka da bai ga akwati ba. In kwafinku bai wuce hamsin ba ma ba sai an yi faranti ba, injin dijital ya fi muku sauƙi. Ki ce a fitar miki da gwaji ɗaya ki tafi da shi ɗaki ki karanta.

Editan Dole

Ban yarda da Baba a kan Canva ɗari bisa ɗari ba, a gafarce ni. Bango, e. Amma shafukan ciki mun sha wuya da shi, don a lokacinmu in labari ya zarce daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi da hannu kake yankawa kana mannawa. Marubuci ya ƙara jimla ɗaya a sama, sai ka sake bin shafi uku. A haka sakin layi guda ya ɓace mana a tsakiyar hira, tambaya ta fito babu amsa. InDesign yana zuba rubutu daga akwati zuwa akwati da kansa, Scribus ma haka, shi kuma kyauta ne. Kwana uku na koyo sun fi kwana goma na manne-manne.

Ga wani abu da ba wanda ya gaya mana. Mun yi ginshiƙi huɗu sirara, muka daidaita rubutun gefe da gefe kamar na jarida. Manhajar da ƙa'idar Turanci take karya kalma a ƙarshen layi, sai ta raba "ts" biyu, t a sama s a ƙasa. Muka kashe karyawar, sai manyan gibi suka buɗe a tsakanin kalmomi, kana kallon shafin kana ganin hanyoyi farare suna gangarowa. Da muka koma ginshiƙi uku muka bar gefen dama a sake, sai shafin ya numfasa. Kuma labarin da muka fassara daga Turanci ya fi na asalin tsawo, filin da muka ware masa bai ishe shi ba.

A bango kuma mun sa salon haruffa shida da kanu tara, kowa yana son labarinsa ya leƙo. Dubi Time, jan layin nan da ya zagaye bangonta tun 1927 take amfani da shi, National Geographic kuma rawaya, daga nesa ka san su ko ba ka karanta komai ba. Namu daga nesa kamar fostar wa'azi da ta maganin basir aka liƙa a wuri ɗaya.

Tsohon Kilas Raf

Editan Dole, fostar maganin basir ai tana da kanu ɗaya babba, ta fi ku tsari.

Ƙanwata, kuɗin bugu ki karɓa tun yanzu, a rubuce, kowa ya sa hannu. Mutum uku a rukuninmu sai da suka ga sunansu a shafin ma'aikata sannan wayarsu ta daina shiga.

'Yar Aji Uku

Ga inda aka kwana. Jiya na je wata maɗaba'a da takarduna naɗaɗɗu, mai wurin ya nuna min takardar ciki mai giram 135 da ta bango mai 250, na taɓa su da hannuna. Mun koma shafi 24, shafi biyun da suka ƙaru mai shagon hoto na bakin get ya ce zai sayi ɗaya. Bango kuma na kai musu hoton mai awarar da ke ƙofar hostel, da izininta, hayaƙi yana tashi ta gefen fuskarta, kanu uku kacal. Na buga shi a A4 na manna a ƙofar ɗaki na ja baya har ƙarshen baranda, babban kanun yana karantuwa. Mutum bakwai sun yarda. Shugaban rukuni har yanzu yana cewa a sa shugaban sashe ko da ƙarami ne a kusurwa. Maman Biyu, na tura masa labarinki, ya karanta, bai ce komai ba tukuna.