Wane suna za mu ba wa bargello da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu keke da almakashi, da malamanmu na harshe. Taimakonku nake nema a kan kalma ɗaya. Wata uku ke nan ina koya wa yaran shagona wani ɗinki da Turawa ke kira bargello quilt, har yau ba mu da sunan da muke kiran sa da shi. Wannan ta ce "mai lanƙwasar nan", waccan ta ce "irin na Anti". Abin yana damuna, don aikin da ba shi da suna a bakinka wuyar koyarwa gare shi. Wasunku sun riga sun kawo shawarwari da tambayoyi a kan haka, zan amsa su a nan.

Ga wanda bai taɓa gani ba: bargo ne mai hawa uku, fuska a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, a bi su da ɗinki su kama juna. Fuskar ce abin kallo. Daga nesa sai ka rantse launukan kwarara suke suna lanƙwasa. Ka matso kusa, babu ɗinki ko ɗaya da ya karkace, duk 'yan ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu a jere.

Malam da ya ce ai ga kalmar a hannunmu, bargello da bargo 'yan gida ɗaya ne: Allah ya ƙara sani, Malam, amma rubutun ne ya yi kama. Masu kalmar "barjello" suke cewa. Sunan wata tsohuwar fada ce a birnin Fulorans na Italiya, wadda aka fara ginawa a 1255. A 1574 aka mayar da ita mazaunin shugaban masu tsaron gari, kamar dai sarkin dogarai a wajenmu, shi ake ce wa barjello, gidan kuma ya zama kurkuku. Tun 1865 gidan tarihi ne. A cikinsa akwai wasu tsofaffin kujeru da aka yi wa ado da zare mai hawa da sauka kamar harshen wuta, daga nan salon ya samo suna. Asalinsa aikin allura da zare ne, wasu ma ɗinkin Hangari suke ce masa. Daga baya masu haɗa bargo, musamman a Amurka, suka kwaikwayi fasalin da yadi. To kun ga kalmar ba ta faɗar komai game da aikin, sunan gida ce kawai. Idan muka are ta, mun ari abin da ba zai haska wa ɗan koyo hanya ba.

Wata Hajiya ta kawo "harshen wuta", wata 'yar uwa ta kawo "igiyar ruwa". Dukkansu sun yi mini daɗi a kunne, kuma al'adarmu ce mu raɗa wa ado sunan abin da ya yi kama da shi, ga aska takwas da aska biyu nan a jikin babbar riga. Matsalar ita ce kowanne rabin gaskiya ya faɗa. Bargo ɗaya zai iya zama harshen wuta a tsakiya, igiyar ruwa a gefe. Wani ma siffar zuciya yake bayarwa, wani kamar igiya biyu da aka tufka. Ina so mu ajiye waɗannan biyun su zama sunayen zayyana, shi kuma ɗinkin mu nemo masa suna daga yadda ake yin sa.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi launi, a ce ashirin, ka jera su daga mai haske zuwa mai duhu. In idonka ya rikice, ɗauki hoton jerin da waya ka mayar da shi baƙi da fari, nan take wanda ya tsallake layi zai tona kansa. Ka yanka kowanne dogo siriri, faɗin inci biyu da rabi. Wannan ziri ne, kalmarmu ce, ba sai an ƙirƙiro ba. Ka ɗinke ziri ashirin ɗin gefe da gefe, kana juya inda kake fara ɗinkin kowane layi don kada shimfiɗar ta gantsare. Sai ka haɗa na farko da na ƙarshe, abin ya zama kamar buhu marar gindi. Ka kwantar da shi ka riƙa yanka a gicciye, wani yankan siriri, wani mai faɗi. Kowane yanka zobe ne mai launi ashirin. Zobe na farko ka farke shi tsakanin launi na 20 da na 1, na biyu tsakanin na 1 da na 2, haka haka. In ka miƙar da shi sai ka ga tsani sak, kowane launi matakinsa. Ka jera tsanukan kusa da juna, kowane launi ya hau da taki ɗaya ko ya sauka da taki ɗaya.

Shi ya sa nake ba da shawarar "ɗinkin matakala", abin da aka ɗinka kuma "bargon matakala". Duk wanda ya taɓa hawa bene ya san matakala mai ƙananan matakai a tsaye take, mai faɗin matakai kuma a kwance take tafiya. Sirrin aikin ke nan gaba ɗaya: siririn tsani shi ke ba da tsinin harshen wuta, mai faɗi shi ke ba da igiyar ruwa. Ranar da na yi wa yarana bayani da matakalar benen da ke kallon shagon, ƙaramarsu ma ta gane, har ta nuna mini da yatsa inda za a matse tsanukan in ana son tsini.

Akwai wata kalma kuma da nake so mu tsayar, ita ce ta fi ci mini rai. Kowane ɗinki yana cinye kwatan inci daga kowane gefe, wato rabin inci ga kowane ziri da kowane tsani. Ina kiran sa "cin ɗinki". Na taɓa sayen zayyana ta intanet, ta gadon jariri ce, mai aikin kuma na babban gado take so. Sai na ninka kowane awo biyu yadda yake a rubuce. Zirin inci biyu da rabi ya koma biyar, ɗinki ya ci rabi, saura huɗu da rabi, sau ashirin ya ba ni inci 90 maimakon 80. Wannan da sauƙi. Ɓarnar tana jikin tsani: mai inci ɗaya, wanda rabin inci ne ke fitowa a fuska, na yanka shi biyu, ya fito ɗaya da rabi, ninki uku ke nan, alhali manyan tsanukan kaɗan suka wuce ninki biyu. Tsinin ya dakushe, zayyanar ta kumbura. Shadda mai tsada ce, ba tawa ba, na biya, kuma kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ƙa'idar ita ce: cire cin ɗinki, ninka abin da ya rage, sannan ka mayar da cin ɗinki. Mai inci ɗaya ya koma ɗaya da rabi, mai uku ya koma biyar da rabi, ziri kuma huɗu da rabi. In ba ka son manyan ƙyallaye, bar zirin a yadda yake ka maimaita jerin launukan sau biyu, don faɗi kuma ka ƙara yawan tsani. Kafin ka sa almakashi, tara faɗin duk tsanukan ka raba da faɗin yadinka, shi zai gaya maka buhu nawa za ka haɗa.

Mai tambaya ko atamfa za ta yi: za ta yi, ƙanwata, amma mai ƙananan zane. Mai manyan furanni in an yanka ta ƙanana launinta watsewa yake, matakalar ta ɓace.

Wajen neman zayyana kuwa dole mu riƙe kalmar Turawan, don da ita aka rubuta littattafan da bidiyoyin YouTube. Rubuta bargello quilt pattern, ka zaɓi wadda ta zo da jadawali mai nuna faɗin kowane tsani da lambar launin da za a farke. Hoto kaɗai ba ya ɗinkuwa. Ka kuma duba ko awon da aka rubuta na yanka ne ko na bayan ɗinki.

Zuwa yanzu dai mafi yawanku sun amince da bargon matakala, ziri, tsani da cin ɗinki, su zan rubuta a kwali in manna a bangon shago. Buhu marar gindin nan ne bai kwanta mini ba tukuna, ya yi tsawo a baki. 'Yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, ku ma ku sa baki: matakala kuke cewa ko matattakala?