Sansanin mayaƙan ƙarni na 15 da neman gurbin renon yaro a Jamus

Baban Yusuf ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekarata ta biyu ke nan ina aiki a wani ƙaramin gari na jihar Bavariya, a kudancin Jamus, kuma a farkon bana iyalina suka iso. Yusuf zai cika shekara uku a watan Nuwamba, mahaifiyarsa kuwa tana son ta fara darasin Jamusanci, amma har yau ba mu sami gurbi a gidan renon yara ba, wanda suke kira Kita, ko da yake na kai sunansa wurare biyar.

Tun bara na shiga wata ƙungiya ta masu kwaikwayon rayuwar Turai ta ƙarni na 15, inda muke kafa tantuna, mu yi girki da itace, mu sa sulke da kwalkwali mu gwada saran takobi. Sulken ne ya ja ni, domin ranar da na fara ganinsa a gasar mahaya ta Kaltenberg, wadda ake yi a watan Yuli, 'yan sulke da 'yan lifidi na hawan sallah ne suka faɗo mini a rai. Yanzu wata mata a ƙungiyar ta ce akwai gurbi a wani Kita da iyaye ke gudanarwa da kansu, kuma za ta sa baki a ba mu. In karɓa ne, ko in jira na hukuma? Daga Mayu zuwa Satumba, da wuya a yi mako uku ban kwana a sansani ba.

Maman Iman ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar ƙungiya, ka san cewa gurbin nan haƙƙin ɗanka ne a doka, ba alfarma ba ce. Tun 1996 yaron da ya cika shekara uku yake da wannan haƙƙi, kuma daga 1 ga Agusta 2013 aka faɗaɗa shi zuwa kowane yaro da ya cika shekara ɗaya. Sai dai kai suna wurare biyar bai wadatar ba. Ka rubuta takarda zuwa hukumar garinku da ofishin kula da yara, Jugendamt, ka faɗi ranar da kuke buƙatar gurbin, ka ajiye kwafi, domin a Bavariya ana son a sanar da su aƙalla wata uku kafin lokacin. A Oktoban 2016 babbar kotun tarayya, a ƙarar da wasu mata uku na birnin Leipzig suka kai, ta yanke cewa iyaye na iya neman diyyar albashin da suka rasa idan hukuma ta yi sakaci wajen samar da gurbi, saboda haka takarda irin wannan ba a wasa da ita.

Shekarar Kita a Bavariya a Satumba take farawa, lokacin da manyan yara ke tafiya firamare, shi ya sa a tsakiyar shekara ake wahala. Kafin Nuwamba kuma hukuma za ta iya ba ku Tagesmutter, mace mai lasisin renon yara kaɗan a gidanta. Ku kuma tanadi katin rigakafin ƙyanda, domin tun Maris 2020 ba a karɓar yaro sai da shi.

Kawun Hanifa ya amsa:

Ɗan'uwa, shekara huɗu 'yata ta yi a irin wannan Kita, wanda suke kira Elterninitiative, kuma ra'ayina shi ne ka karɓa, amma ka shiga da idonka a buɗe. Iyaye su ne ƙungiyar da ke riƙe da wurin, don haka kowane gida yana da aikinsa: wani lissafin kuɗi, wani wankin tawul, wani gyaran lambu, ga taron iyaye da dare wanda ba a son a rasa ka. A namu, ranakun Asabar ake haɗuwa a yi fenti da gyare-gyare, kuma an fi yinsu lokacin zafi, wato daidai lokacin da kai kake cikin tanti. Idan ka tafi sansani ka bar wa maman Yusuf wannan nauyi alhali ba ta fara jin yaren ba, ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma matar da ta tsaya maka ita za ta ji kunya.

Amfaninsa kuwa yana da yawa. Maganar abinci ta fi sauƙi, tunda da bakinka za ka ce ba a ba ɗanka naman alade, kuma a ji. Mutumin da ya iya kafa tanti da gyaran benci abin so ne a wurinsu, saboda haka ka faɗi wannan a ranar ganawa. Ka nemi aikin da za ka iya yi da hunturu, ka kuma tambayi adadin awowin da ake bin kowane gida a shekara kafin ka sa hannu.

Maman Iman ta ƙara da cewa:

Na manta da makonnin sabo, Eingewöhnung. Kusan mako biyu zuwa huɗu ɗayanku zai riƙa zama da yaron a wurin, ana ƙara tsawon rabuwar a hankali, kuma ba a son a katse da tafiya. Kada ka bari ya faɗa kan makon sansani.

Baban Yusuf ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takardar Jugendamt zan aika ranar Litinin, ganawa da iyayen kuma ranar Alhamis ce, tare da maman Yusuf za mu je. Na riga na gaya wa shugaban ƙungiyarmu cewa sansani biyu na Satumba ba da ni ba. Kawu, idan ka tuna awowin da aka bi ku a shekara, ka taimaka mini da adadin domin in kwatanta da nasu.