Yaya zan gane azurfa ta gaske da sikeli da ruwa kawai?

Sahabi, Mabera:
Assalamu alaikum. Akwai awarwaraye biyu da zobe ɗaya da ake son a san ko azurfa da zinariya ne na gaske kafin a kai su kasuwa. Na ji an ce ana iya ganewa da sikeli da kofin ruwa, ba sai an goga ko an ɗiga asid ba. Yaya ake yi, kuma wane irin sikeli ya dace? Na gwada jefa zoben a kofin awo mai layuka, amma ruwan ko motsi bai yi ba.

Malam Bello, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam Sahabi. Abin da ake nema shi ne densiti, wato giram nawa ne ke cikin kowane mililita na jikin abin. Ruwa yana da 1, alminiyam 2.7, baƙin ƙarfe 7.9, tagulla 8.4 zuwa 8.7, jan ƙarfe kusan 9, azurfa tsantsa 10.5, dalma 11.3, zinariya tsantsa 19.3.

Kofin awo ba zai yi maka ba, domin girman zobe bai kai rabin mililita ba, ido ba ya ganin wannan tashin. Ka nemi ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, mai nuna 0.01 na giram. Na kicin mai tsallen giram ɗaya-ɗaya ba shi da amfani a nan.

Fara da auna abin a bushe, ka rubuta. Sannan ka ɗora ƙaramin kofin roba da ruwa a kan sikelin, ka danna maɓallin TARE ya koma sifili. Ɗaure abin da siririn zare, ka sauke shi cikin ruwan ya nutse gaba ɗaya, amma yana reto, bai taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Lambar da sikelin ya nuna ita ce nauyin ruwan da abin ya ture, kuma tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, lambar ita ce girman abin. Sai ka raba na farko da na biyu. Misali, awarwaro ya yi giram 24.60 a bushe, cikin ruwa sikeli ya nuna 2.37. In ka raba za ka sami 10.38, azurfa ke nan mai kyau, irin mai hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce. Da tagulla ce aka wanke da ruwan azurfa, da sikelin ya nuna wajen 2.89.

Hajiya Inno, Arkilla:
Malam ya gama bayanin hanyar, ni kan abin da ke ɓata awon zan tsaya, don nan ne ake yanke wa kaya mai kyau hukuncin jabu.

Babban mai laifi kumfa ce. Awarwaro mai zane ko murɗi yana riƙe ƙananan ƙwayoyin iska a cikin lunguna, za ka gan su kamar tsabar gero suna ƙyalli a jikin ƙarfen. Kowace tana ƙara girman da sikeli zai nuna, sai densitin ya faɗi. A wanke abin da sabulu a fitar da maiƙo da dauɗa, a sa ɗigon sabulun ruwa guda a kofin, a girgiza zaren a hankali har kumfar ta saki. A kashe fanka, a rufe taga, musamman lokacin hunturu, domin iska kaɗai tana sa lambar ƙarshe ta yi ta rawa. Hannu ma yana rawa, gara a ɗaure zaren a jikin fensir a gitta shi kan littattafai biyu, kada fensirin ya taɓa kofin.

Kafin komai ka gwada sikelin: zuƙo ruwa mililita 10 da sirinji ka zuba, ya kamata ka ga kusan giram 10. Zafin Sakkwato bai isa ya ɓata lissafin ba, ko ruwa ya kai digiri 40 densitinsa 0.992 ne, amma dai ka ɗebo na randa.

Zoben ne abin lura, ɗana. Zoben zinariya mai karat 22 da ya yi giram 6, girmansa wajen 0.34 ne. In sikeli ya nuna 0.33 za ka sami 18.2, in ya nuna 0.35 za ka sami 17.1. Ka ga kuskuren 0.01 kaɗai ya karkatar da amsar sosai. Don haka ka auna sau biyar kana tsane shi tsakani, ka ɗauki matsakaici. Karat 22 yana faɗawa kusa da 17.7, karat 18 kusa da 15.5.

Alhaji Ummaru, Tsohuwar Kasuwa:
Ka duba ko awarwarayen masu rami ne a ciki. In holoƙo ne kuma bakinsu a liƙe, awon ruwa ba zai yi aiki ba sam, don da iskar ciki za ka auna. Haka zobe mai dutse, sai an cire dutsen.

In tsofaffin kaya ne kada ka tsorata da ganin 10.2. Maƙeran fari na dā suna narka liyari, kuɗin azurfar nan na Mariya Taresa mai shekarar 1780 a jiki, wanda azurfarsa kashi 83 cikin 100 ce, sauran jan ƙarfe. Azurfa ce, sai dai ba tsantsa ba.

Awon yana kama tagulla nan take, amma wanda ya haɗa dalma mai yawa da kuza kaɗan zai iya kawo 10.4. Irin wannan yana da laushi, ba ya amo in an ƙwanƙwasa, kuma yana barin baƙin layi a takarda. Zinariya kuwa, wani ƙarfe mai suna tungistan ne ke da kusan nauyinta, 19.25. Ka kara maganaɗisu tukuna, in ya kama, jabu ne, magana ta ƙare. In bai kama ba kuma lambar ta yi daidai, sai a kai wa mai dutsen gwaji ya tabbatar da karat kafin a yi ciniki.

Sahabi, Mabera:
Allah ya saka da alheri. Ɗaya awarwaron ya ba ni 10.21 da 10.25, ɗayan kuwa ashe holoƙo ne. Zoben sai gobe da safe, yau iska ta hana lambar tsayawa.